Yadda Ake Rufe Ƙasa da Tsirrai Masu Yaɗo a Ƙarƙashin Inuwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin magidanta, da masu garka, da shugabannin makarantu, da duk wanda yake da itace mai inuwa a gida ko a gona. Maganar da ke cikinsa ita ce ƙasar gindin itace, wadda yawancinmu muke bari tsirara, muna share ta safe da yamma, ruwan sama kuwa yana kwashe ta kaɗan-kaɗan kowace damina. Za a yi bayanin wani tsiro na ƙasashen Turai wanda ya yi suna wajen rufe irin wannan wuri, da dalilin da ya sa bai dace da yawancin ƙasarmu ba, sa'an nan a kawo waɗanda suka dace da yadda ake dasa su. An ɗauki garin Kwandere, kusa da Lafiya a Jihar Nasarawa, domin misali, da yake yana tsakiyar ƙasa. Wanda ke arewa da shi ya san daminarsa ta fi gajarta, wanda ke kudu kuma tasa ta fi tsawo, sai kowa ya daidaita lokutan da aka ambata da na wurinsa.

Abin da ke faruwa a gindin itace

Mutane da yawa suna zaton itace yana kare ƙasar da ke ƙarƙashinsa daga ruwan sama kamar yadda laima take kare mutum. Yana karewa, amma da sharaɗi. Ganye yakan tara ƙananan ɗigon ruwa su haɗu su zama manya, sa'an nan su faɗo daga tsawon mita biyar ko goma. A daji, busasshen ganye da ƙananan tsirrai ne suke karɓar wannan duka, ruwan ya tsiyaya a hankali ya nutse. A gida da filin makaranta kuwa tsintsiya ta riga ta kwashe ganyen, saboda haka ɗigon yakan sauka kai tsaye a kan ƙasa, ya farfasa ta, garin ƙasar ya toshe 'yan ƙofofin da ruwa ke shiga, fuskar ƙasar ta yi ɓawo. Daga nan sai ruwan ya kama gudu, ya tafi da ƙasar sama, wadda ita ce mai albarka.

Wanda yake so ya tabbatar, ya je gindin tsohon mangwaro bayan an ɗauke ruwa. Zai ga saiwoyi kwance a fili, alhali kuwa a cikin ƙasa suka tsiro. Zai ga tsakuwa zaune a kan ɗan tudu nata ita kaɗai, domin ƙasar da ke kewaye da ita ta tafi, sai wadda ta fake a ƙarƙashinta. In akwai bango kusa, zai ga laka ta fallatsa a gindinsa har kusan gwiwa.

A cikin shekarun 1950 wani masanin ƙasa mai suna Norman Hudson ya yi wani gwaji a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe. Ya ware filaye biyu iri ɗaya, babu ko ciyawa a kansu, ya shimfiɗa raga mai ƙananan idanu, irin ta tare sauro, a bisa ɗaya, ɗan nesa kaɗan da ƙasa. Ruwan da ya sauka a kan filayen biyu ɗaya ne, sai dai ragar tana karya ƙarfin ɗigon. Da aka yi shekaru ana auna ƙasar da ruwa ya kwashe, sai aka tarar filin da ba shi da raga ya yi hasarar fiye da ninki 100 na ɗan'uwansa. Haka kuma a cikin shekarun 1970 Rattan Lal ya yi irin wannan bincike a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan, ya nuna cewa lulluɓe ƙasa da tattaka ko ganye yana rage zaizaya ƙwarai, yana kuma rage zafin ƙasa da rana. Tsiro mai yaɗo aikin wannan raga yake yi, ga shi kuma yana gyara kansa in ya yage.

A ƙasar Kwandere damina takan fara a Afrilu ta kai Oktoba, ruwan shekara kuwa ya wuce milimita 1,000. Ƙasar yankin Lafiya ja ce mai yashi, ba ta da wuyar kwasa. Lokacin da ya fi haɗari shi ne ruwan farko mai iska na Afrilu da Mayu, wanda yake tarar da ƙasa ta yi wata biyar a bushe, babu komai a kanta. 'Yar hanyar ruwan da ta fara daga gindin itace ita ce take haɗuwa da ta maƙwabci, su bi lungu, a kwana a tashi su zama kwazazzabo mai cin katanga.

Tsiron da Turawa suke shimfiɗawa

Turawan Ingila suna kiran wannan tsiro ayibi, masana tsirrai kuma suna ce masa Hedera helix. Da yake sunan farko zai iya rikicewa da kalmarmu ta aibi, a nan za a riƙa cewa hedera.

Asalin hedera Turai ne da yammacin Asiya. Ganyenta kore ne shar mai sheƙi, da kauri kaɗan, yana da kunnuwa uku ko biyar. Tana fitar da ƙananan saiwoyi a jikin kararta, da su take kama bango ko itace ta hau har mita 20 ko fiye. In ba ta sami abin hawa ba sai ta bi ƙasa, tana kafa saiwa a duk inda gaɓa ta taɓa, har ta yi shimfiɗa mai kauri wadda tsayinta bai cika wuce santimita 20 ba. Abubuwa biyu suka sa masu lambu a can suke son ta. Na farko, tana jure inuwa mai duhu inda ciyawa take mutuwa. Na biyu, ba ta zubar da ganye a lokacin sanyi, sa'ad da yawancin itatuwansu suke zama ƙirare. Sukan yanko rassa, su dasa su tazarar kamar santimita 30, su yi ta cire ciyawa shekara ɗaya ko biyu har shimfiɗar ta haɗe, daga nan aikin da ya rage shi ne datse gefe da hana ta hawa itace.

Amma kowane tsiro da ƙasar da Allah ya hore masa. Hedera ta fi jin daɗi in ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 10 da 20 da ɗoriya, da iska mai laima. Lafiya kuwa tana cikin kwarin Binuwai, inda a watan Maris zafin rana yake wuce digiri 35, dare ma ba ya yin sanyi sosai. A irin wannan yanayi ganyen hedera yakan ƙone daga gefe, wasu ƙananan ƙwari jajaye masu kama da gizo-gizo su auka mata su tsotse ta, in kuma an yawaita mata ruwa domin a cece ta sai saiwa ta ruɓe. Wuraren da take da damar rayuwa a Nijeriya su ne tuddai masu sanyi kamar Jos, wadda take kimanin mita 1,200 bisa teku, da Mambila wadda ta fi ta tudu. A sauran wurare iyakarta tukunya a baranda mai sanyi. Magidancin Kwandere ko Kano da ya ga hotonta a waya ya yi sha'awa, ya kashe kuɗi domin ya rufe gindin mangwaro da ita, kafin bazara ta wuce zai yi da-na-sani.

Ko inda take rayuwa, akwai abin lura. Ganyenta da 'ya'yanta baƙaƙe suna da dafi ga yara da dabbobi in sun ci da yawa, ruwan jikinta kuma yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. Har ila yau a yammacin Amurka ta tsere daga lambuna ta shiga dazuzzuka, tana danne ƙananan itatuwa tana nauyaya manya, har Jihar Oregon ta hana sayar da ita a 2010. Abin da za mu ɗauka daga wurin Turawa shi ne dabarar, watau a nemi tsiro mai yaɗo, mai jure inuwa, mai kafa saiwa a gaɓa. Tsiron kuwa sai mu zaɓi namu.

A fara sanin inuwar

Kafin a nemi iri, a tsaya a wurin da tsakar rana a dubi ƙasa. In babu hasken rana ko kaɗan, kamar ƙarƙashin babban mangwaro, wannan inuwa ce mai duhu. In haske yana ratsowa tabo-tabo, kamar ƙarƙashin ɗorawa ko kaɗanya ko kwakwar manja da ta yi tsawo, wannan inuwa ce mai sauƙi. Akwai kuma wurin da yake samun rana rabin yini, kamar gefen bango ko tsakanin ƙananan itatuwan garka. Yawancin hasarar da ake yi daga nan take, a dasa mai son rana a cikin duhu. Kiri-kiri, alal misali, ciyawa ce mai taurin rai a fili, amma a gindin mangwaro sai ta yi siriri ta ɓace.

A inuwa mai duhu, wanda ya fi kama da hedera shi ne tsiron nan mai ganye kamar zuciya, kore da ɗigon rawaya, wanda masu sayar da furanni a bakin titi suke kira da wani sunan Turanci mai ma'anar tsiron kuɗi. Masana suna ce masa Epipremnum aureum. Daga tsibiran tekun Fasifik ya fito, saboda haka zafi ba ya damunsa. Yana kama ƙasa daga yankan reshe cikin mako biyu ko uku, yana kuma zama kore duk shekara muddin yana samun ruwa. Halinsa ma irin na hedera ne: yana son hawa itace, ganyensa kuma yana ƙona baki da maƙogwaro in an tauna, don haka bai dace da wurin wasan yara masu rarrafe ba. Akwai kuma wani mai ganye ruwan hoda mai duhu da ratsin azurfa, Tradescantia zebrina, daga ƙasar Meziko. Ɗan'uwan balasana ne, wadda kowane manomi ya san yadda take sake kamawa bayan an nome ta, kuma shi ma haka yake. Kararsa tana karyewa da sauƙi, ba ya jure taku.

Sai dai tsiron da ya kamata a fara tunawa a gidan da ruwa yake wuya namu ne na gida, watau moɗa, wadda kakanninmu suke fitar da zare daga ganyenta su tufka igiya da tsarkiyar baka. Ganyenta doguwa ce mai kauri, tsaye kamar takobi, tana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa tana fitar da 'ya'ya a gefe. Ba ta kwanciya ta yi shimfiɗa kamar waɗancan, amma tana jure duhu, tana ƙetare rani kore ba tare da an ba ta ruwa ba, awaki ma ba su cika damuwa da ita ba sai yunwa ta matsa musu. In aka dasa ta a jere, kusa da kusa, a gicciye da gangare, sai ta tare ganyen da ke zubowa da ƙasar da ruwa ya ɗauko. Cikin damina biyu za a ga ƙasa ta taru a bayan layin. Abin mamaki ne yadda ake sayen 'yar'uwarta a tukunya da tsada a Abuja, ga tamu a bakin rafi ba mai kula ta.

A inuwa mai sauƙi zaɓi ya fi yawa. Ciyawar nan mai faɗin ganye da ake shimfiɗawa a harabar gidaje a kudancin ƙasar nan, Axonopus compressus, tana jure inuwa tana kuma jure taku, ita ce ta dace da filin makaranta da harabar asibiti. Da rani takan yi ja in ba ruwa, ta farfaɗo da ruwan farko. Akwai wata dangin gyaɗa daga Barazil, Arachis pintoi, mai 'yan furanni rawaya, wadda ake shimfiɗawa a gonakin kofi da na itatuwan marmari a ƙasashe masu zafi. Tana kwance ƙwarai, ba ta hawa itace ko kaɗan, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda gyaɗa da wake suke yi, dabbobi kuma suna cinta. Aibinta jinkiri: takan ɗauki watanni kafin ta haɗe, rani mai tsawo kuma yana kakkaɓe mata ganye. Mai son abinci daga inuwarsa kuwa ya sa gwaza, wadda faffaɗan ganyenta yake tare ɗigo, ko citta, kamar yadda manoman Kaciya da Jaba a kudancin Kaduna suke nomawa suna lulluɓe kunya da ganye. Waɗannan biyu na damina ne, da kaka ake haƙe su, sai a bar ganyen a wurin.

Mai babbar garka ta lemo ko yazawa ko kwakwar manja ba zai iya dasa reshe ɗaya-ɗaya ba, iri zai shuka. Masu gonakin kwakwa da na roba a kudu sun daɗe suna amfani da wasu dangin wake masu yaɗo guda uku, su ne Pueraria, da Calopogonium, da Centrosema, sukan haɗa su su shuka tsakanin layukan ƙananan itatuwa. Na farko da na biyu suna saurin rufe ƙasa, amma in itatuwa sun girma inuwa ta yi yawa sai su ja baya, na ukun ya ci gaba, domin ya fi su jure inuwa da fari. Shi ya fi dacewa da ƙasa irin ta Kwandere. Ƙwayar irinsu tana da ɓawo mai tauri, saboda haka a zuba mata ruwan zafi wanda aka sauke daga wuta ya ɗan huce, a bar ta ta kwana a ciki, a shuka da safe. Akwai kuma irin ƙarara marar ƙaiƙayi, wanda manoman kudancin Jamhuriyar Benin suka karɓa tun ƙarshen shekarun 1980 domin yana danne tofa. Yana da ƙarfi ƙwarai, har yakan lulluɓe ƙaramin itace cikin 'yan makonni in an yi sakaci, kuma yana mutuwa da rani.

Dasawa

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna sosai. A Kwandere wannan yakan kama daga tsakiyar Mayu zuwa Yuni, a Kano da Katsina da Sakkwato kuwa sai Yuli. Kada a yi gaggawa da ruwan farko, domin sau da yawa yakan ɗauke na mako biyu.

Ba duk gindin itacen za a rufe ba. Inda ake shimfiɗa tabarma a yi hira, ko inda mata suke daka, a bar shi yadda yake, in da hali a zuba masa tsakuwa ko yashi. Wurin da ya fi bukatar rufi shi ne da'irar waje, inda ruwa yake tsiyayowa daga bakin rassa, da ɓangaren da ke gangare. Kuma a bar fili kewaye da gindin itacen kansa, rabin mita ga babban itace, mita ɗaya ga ƙarami wanda bai fara 'ya'ya ba, domin kada su yi gasar ruwa da taki.

A sassauta ƙasar da fartanya sama-sama, kada a zurfafa, gama saiwoyin da itace yake ci da su suna kusa da fuskar ƙasa. A barbaɗa ruɓaɓɓen taki na shanu ko na juji, kaurin yatsa biyu. Ɗanyen taki yana ƙona dashe yana kuma kiran gara. In saiwoyi sun riga sun fito fili, a cike tsakaninsu da ƙasa mai kyau, amma kada a tula ƙasa a jikin gindin.

Kowane yankan reshe ya kasance da gaɓa uku ko huɗu. A cire ganyen ƙasa, a kwantar da shi a karkace, gaɓa biyu a cikin ƙasa, sauran a waje, a danna da hannu. Da yamma ake yi, ko ranar da hadari ya rufe rana. In an ba da tazarar santimita 30 kowane gefe, murabba'in mita ɗaya zai ci kimanin yanka 11, watau fili mai tsawon mita biyar da faɗin mita biyu zai ci 110. In an buɗa tazarar zuwa rabin mita, yanka huɗu sun isa murabba'in mita, amma za a daɗe ana cire ciyawa. Wanda ba shi da iri da yawa kada ya damu. Ya fara da ɗan wuri, bayan wata biyu ya yanko daga nan ya ƙara gaba. Tsakanin dashen a baza busasshen ganyen itacen nan da aka saba sharewa a ƙone, shi zai tsare ƙasa kafin shimfiɗar ta haɗe.

Cire ciyawa a damina ta farko shi ne aikin da ba shi da makawa. Da hannu za a yi, kowane mako biyu, musamman tofa da jiji, waɗanda in suka kafu a cikin shimfiɗa fitar da su sai an tone duka.

Maganar rani

A Turai sanyi ne yake gwada tsiro, a nan kuwa rani ne. Daga Nuwamba zuwa Maris babu ruwan sama a Kwandere, a arewa mai nisa ma abin yakan kai wata bakwai ko takwas. In ban da moɗa, duk tsirran da aka ambata ba za su zauna kore ba sai da ban ruwa. A inuwa, bokiti ɗaya mai lita 10 ga kowane murabba'in mita, sau biyu a mako, yakan wadatar, da bazara a ɗan ƙara. Fili mai murabba'in mita 10 ke nan zai sha lita 200 a mako, jarka takwas ta lita 25. Magidanci ya yi wannan lissafi tun kafin ya dasa, ya rufe gwargwadon abin da zai iya shayarwa.

Ruwan alwala da na ɗauraye kayan miya da na wanke shinkafa duk suna da amfani, kuma masallatai da makarantun da suka juya magudanar wurin alwala zuwa gindin itace sun huta da rabin aikin. A guji ruwan wanki mai yawan sabulun gari, da mai gishiri ko maiƙo. In ruwa ya gagara, a bar shimfiɗar ta bushe a inda take, kada a share ta. Busasshiyar tabarmar ganye ma tana karɓar dukan ruwan farko, yawancin saiwoyin kuma suna nan da rai.

Maciji, sauro, wuta da awaki

Duk wanda aka ba wannan shawara, abin da zai fara tambaya shi ne maciji, kuma yana da gaskiya. Kububuwa tana da yawa a kwarin Binuwai, asibitocin Kaltungo a Jihar Gombe da Zamko a Jihar Filato sun yi suna ne saboda yawan waɗanda ake kai musu da saranta. Sharar tsakar gida da iyayenmu mata suka gada tana da hikima, gama a share take nuna sawun abin da ya wuce da dare. Saboda haka a bar fili a share, faɗin mita ɗaya ko biyu, tsakanin shimfiɗa da bangon ɗaki, da ƙofa, da hanyar banɗaki, da rumbu. A riƙa datse shimfiɗar kada ta wuce idon sawu. Kada a bar tarin itace ko bulo ko tarkace a kusa, domin nan ɓera yake zama, maciji kuwa ɓera yake bi. Mai aiki a ciki ya sa takalmi mai rufe ƙafa, ya fara kaɗa sanda kafin ya sa hannu.

Sauro ba a ganye yake haihuwa ba, a ruwan da ya kwanta ne. Amma gwangwani da ɓawon kwakwa da leda sukan ɓuya a cikin shimfiɗa su tara ruwa, sai a duba kowane mako a tsince su.

A garka, haɗarin rani shi ne gobara. Busasshen yaɗo yana kama wuta da sauri, yana kuma kai ta har rassa in an bar shi ya hau. Da zarar ruwa ya ɗauke a sauko da duk wanda ya nannaɗe itace, a sare sauran ya kwanta, a share hanya mai faɗin mita uku kewaye da garkar tun kafin a fara ƙone daji. Masu yazawa su yi wannan da wuri, da yake daga ƙasa ake tsintar ƙwallon tun daga wajen Fabrairu. Masu mangwaro da lemo kuma su riƙa tsince 'ya'yan da suka faɗi suna binnewa da zurfi, in ba haka ba tsutsar ƙudan da ke lalata 'ya'yan itace za ta sami mafaka a ƙarƙashin ganye.

Awaki da tumaki da kaji kuwa maganinsu shinge ne, ko na ƙaya ko na kara, aƙalla har shimfiɗar ta shekara.

Kada ya tsere

Halin da ya sa tsiro ya iya rufe ƙasa da sauri shi ne kuma yake sa ya zama annoba in ya fita daga hannu. A cikin shekarun 1930 hukumar kiyaye ƙasa ta Amurka ta raba wa manoman kudancin ƙasar wani yaɗo daga Japan mai suna kudzu, ɗan'uwan Pueraria ɗin nan, har tana biyansu su dasa domin hana zaizaya. Daga baya ya lulluɓe itatuwa da turakun waya da gidajen da aka bari, hukuma ta koma yaƙi da shi. A nan gida, ciyawar ruwan nan mai fure shuɗi wadda ta shigo ruwayen Legas ta wajen Badagry a 1984, tana toshe hanyar jiragen ruwa da ta masunta, asalinta tsiron ado ce daga Kudancin Amurka.

Akwai wani yaɗo mai fure rawaya kamar ƙaramar rana, wanda ake kira Wedelia, ana yawan ganinsa a shataletale da harabar ofisoshi a biranenmu. Yana rayuwa a rana da inuwa, ba shi da wuyar samu, shi ya sa masu sayar da furanni suke saurin miƙa shi. A sani cewa yana cikin jerin tsirrai da dabbobi 100 mafiya ɓarna wajen mamaye ƙasar da ba tasu ba, wanda ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya ta fitar. Kada a dasa shi kusa da fadama ko rafi ko gona. A cikin gida ma sai inda siminti ko bulo ya kewaye shi.

Ga dukan tsirran da ba na ƙasar nan ba, a yi musu iyaka da bulo ko dutse da aka nutsa cikin ƙasa kamar santimita 15, a bi gefen da adda sau ɗaya a wata da damina. Abin da aka datse kada a zuba shi a kwata ko a juji na bayan gari, domin gaɓa ɗaya ta isa ta kafa sabon gida inda ruwa ya yar da ita. A baza shi a rana a kan siminti ko kwano har ya bushe ƙarau, sa'an nan a mai da shi gindin itace ko ramin taki. Wanda yake neman irin Centrosema ko na ƙarara marar ƙaiƙayi, ko yake shakkar sunan wani tsiro da aka sayar masa, ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma. Mutanen Kwandere da kewaye suna iya zuwa Kwalejin Aikin Gona da ke Lafiya, su tafi da reshe ɗaya mai ganye, da fure in akwai, a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar takarda.